Sob ko Dob: Wanne Za Ka Ce a Tura Maka In Za Ka Fara Kallon Anime?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ƙanena ya same ni a ɗaki riƙe da wayarsa, wai abokansa a makaranta sun cika masa kunne da labarin Fullmetal Alchemist: Brotherhood, ya je shagon masu tura fim sai aka ce masa kala biyu gare su, akwai wanda ake Turanci a ciki akwai kuma wanda ake Japananci rubutu yana fitowa a ƙasa, shi kuma memorinsa ba zai ɗauki duka biyun ba tunda efisod 64 ne. Ya ce, "Yaya wanne zan ce a sa min?" Har na buɗe baki zan ba shi amsa sai na ce masa ya zauna tukuna, don ni kaina na yi shekaru ina kai da komo a kan maganar nan kafin na tsaya waje ɗaya, kuma na san da yawa daga cikin masu fara kallon katun ɗin Japan a nan suke fara cijewa.

Su masu harkar sob da dob suke cewa. Sob shi ne a bar maka muryar asali ta Japananci, fassara tana fitowa a rubuce a ƙasan hoto. Dob kuma a cire muryar asali gaba ɗaya a ɗora wata, yawanci Turancin Amurka. Mu dob ba baƙonmu ba ne ai, da shi muka tashi, duk wanda ya san Indiya-Hausa irin fassarar Algaita ya san daɗin ka zauna kana cin abinci kana jin komai ba tare da ka karanta ko harafi ɗaya ba. Waɗanda kuma gidansu akwai dish tun suna yara sun sha kallon Spacetoon, inda Conan yake binciken kisan kai da tsantsar Larabcin fusha, Hunter x Hunter ya koma Al-Qannas, Captain Tsubasa kuwa har yau wasu ba su san sunansa na gaskiya ba sai Kaftin Majid. To wannan ma dob ne, na Larabci.

Bari in fara da abin da dob ya fi sob, don akwai shi kuma ba ƙarami ba ne. Idonka yana samun 'yanci. Anime zane ne, mutane sun zauna sun zana kowane motsi, kuma akwai wuraren da in ka ɗauke ido na daƙiƙa biyu ka tafka asara. Ka duba efisod na 19 na Demon Slayer da kamfanin ufotable ya yi a 2019, inda Tanjiro yake sara ruwan takobinsa ya rikiɗe ya zama wuta, karon farko da na kalla rabin hankalina yana ƙasa wajen rubutu sai da na mayar baya har sau biyu kafin na ga abin da ya faru sosai. A babbar talabijin abin da sauƙi, amma a waya mai ƙaramin sikirin da aka matse hoton zuwa 360p don tsimin data, rubutun ya yi dishi-dishi, ga ido ya gaji da dare, wallahi wahala ce. Sannan akwai waɗanda maganarsu kamar ana sakin harsashi, irin su Saiki K. da The Tatami Galaxy, in ba ka da saurin karatu za ka ƙare kana ta danna tsayawa kamar mai bitar jarrabawa. Haka in da yara za ku kalla, ko kuna da yawa a kan waya ɗaya, na can baya ba zai hango rubutu ba.

Kuma dob na yanzu ba irin na da ba ne, a yi musu adalci. Cowboy Bebop na 1998 har gobe ana yabon Turancinsa, muryar Steve Blum ta zauna daram a bakin jarumin shirin, Spike. Death Note ma nasa ya yi kyau. Shi kansa Brotherhood ɗin da ƙanena yake tambaya a kai, tunda ƙasar da labarin ya faru an gina ta ne kamar Turai, sunayen mutanen Edward da Roy da Winry, jin su da Turanci bai yi wani banbaraƙwai ba.

Amma fa akwai kuɗin da ake biya. Mai rubuta dob ba ma'ana kaɗai yake bi ba, dole maganar ta yi daidai da buɗewa da rufewar bakin zanen, in bakin ya motsa sau biyar to gaɓa biyar zai nema ko da ma'anar ta ɗan kauce. Misalin da kowa ya sani shi ne Naruto. A Japananci yana ƙare magana da "dattebayo", wadda ba ta da wata ma'ana ta a zo a gani, ɗabi'ar bakinsa ce kawai kamar yadda wani ba ya iya magana sai ya ce "ka gane ko". Masu Turanci suna buƙatar abin da zai cike motsin bakin sai suka sa "Believe it!", mutane suka gaji da ita aka daina. To can a Shippuden, wato ci gaban labarin Naruto, da ya haɗu da mahaifiyarsa Kushina sai ga ta tana ƙare tata maganar da "dattebane", wato abin gado ne, kuma da wannan subutar bakin ne ya fara gane ko wace ce. Wanda ya yi ɗaruruwan efisod yana jin dattebayo a kunnensa, wurin nan sai ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Wanda ya bi Turanci an yi ƙoƙarin gyara masa da wata kalma amma nauyin bai kai ba.

Na da can kuwa ba a magana. Kamfanin 4Kids a Amurka da ya ɗauki Pokémon, Brock yana riƙe da onigiri, wato curin shinkafa da aka naɗe da ganyen teku, ƙiri-ƙiri aka sa shi ya ce donot ne. Da suka ɗauki One Piece a 2004 sigarin bakin Sanji ya koma alawa mai tsinke, suka yanke labarai sukutum, efisod 143 na farko suka dawo 104, sai a 2007 kamfanin Funimation ya karɓa aka fara yi yadda ya kamata. Ina kawo wannan ne saboda tsofaffin fayil ɗin nan har yanzu suna yawo daga memori zuwa memori, in ka ga Sanji da alawa a baki to ka san abin da aka tura maka.

Akwai kuma wata magana da ban cika jin ana yi ba, mu da yawanmu mun fi iya karanta Turanci a kan jin sa daga bakin Ba'amurke. A makaranta da littafi muka koya. Ɗan wasan dob zai haɗiye rabin kalma ya jefa karin maganar unguwarsu, ga kiɗa ga ƙarar faɗa, sai ka ga mutum yana kallon Turanci amma kashi ɗaya cikin uku yana wuce shi. Rubutu kuwa a tsaye yake, ko ba ka san kalma ba za ka iya tsayarwa ka duba.

Yanzu sob. Abu na farko muryoyin asali, kuma a Japan aikin murya sana'a ce babba mai makarantu da taurarinta. Masako Nozawa, wadda aka haifa a 1936, ita ce muryar Goku na Dragon Ball tun 1986. Muryar Luffy na One Piece ma mace ce ke yin ta, Mayumi Tanaka, Naruto ma Junko Takeuchi, Edward Elric kuma Romi Park. Wanda ya saba da Goku mai ƙaton murya na Turanci ranar da ya fara jin na asali sai ya ce me ye haka, amma ka ba shi efisod goma zai gane dalilin, don Goku har ya girma zuciyarsa ta yaro ce kuma muryar tana faɗa maka hakan. Dariyar Mamoru Miyano, mai muryar jarumin shirin Light, a efisod na 37 na Death Note kuwa ba ta buƙatar fassara ko kaɗan.

Sai dai ni ba muryar ce ta sa na tsaya a kan sob ba, wani abu ne da na daɗe ina lura da shi, wato Japananci ya fi kusa da Hausa a kan Turanci a wajen gaisuwa da girmamawa, nesa ba kusa ba. In mutum zai fita daga gida yana cewa "ittekimasu" a amsa masa "itterasshai", wannan ai "sai na dawo" da "a dawo lafiya" ne babu ragi babu ƙari. In ya dawo ya ce "tadaima" a ce "okaeri", na dawo, sannu da dawowa. Ma'aikata in an tashi suna ce wa juna "otsukaresama", masu fassarar Turanci kullum suna fama da ita, wani ya ce aiki ya yi kyau wani ya ce na gode wani ma ya mayar da ita sallama, alhali mu muna da ita a shirye, sannu da aiki. "Sensei" malam ne, kuma kamar yadda muke yi ba sai a aji ba, likita ma sensei ne, marubuci ma haka. In bawa ya ce wa ubangidansa wane-sama to ka ji ranka ya daɗe a ciki.

A Brotherhood, Alphonse ba ya kiran wansa Edward da sunansa, "nii-san" yake cewa daga farko har ƙarshe. Turanci ya ce "Brother", wadda a bakin Bature baƙuwa ce don su sunan wansu suke kira gatsal, kuma kalmar ba ta nuna waye babba waye ƙarami. Kai kuwa Bahaushe kana jin nii-san sau biyu ka san yaya ce. Shi Alphonse ƙaton sulke ne mai tsawo ya zarce ɗan'uwansa amma duk sanda ya buɗe baki sai ya ce yaya da 'yar muryar yaro, wannan kaɗai ya ba ka rabin labarin su biyun. Haka ranar da wata ta daina ce wa wani wane-kun, wato ɗan ƙarin da ake liƙa wa sunan saurayi, ko ta bar sunan gidansu ta kira sunansa na yanka, a Japan babban al'amari ne, kunya ce ta ragu an matso kusa, mu da muka san matar da ba ta faɗin sunan miji da uwar da ba ta faɗin sunan ɗan fari ba sai an yi mana dogon bayani ba. A dob duk wannan shafewa yake yi. A sob ko mai fassara bai rubuta ba kunnenka zai kama, bayan sizin ɗaya za ka ga kana fassara wa kanka kai tsaye zuwa Hausa kana tsallake Turancin.

Wani wurin kuma babu wanda ya tsira. A fim ɗin Your Name na Makoto Shinkai, 2016, yarinya ta farka a jikin saurayi, tana zaune da abokansa za ta ce "ni" sai ta ce watashi, suka kalle ta, ta ce watakushi, ta ce boku, sai da ta ce ore suka gyaɗa kai. Duk huɗun ma'anarsu ni, amma kowacce da mai faɗinta, ore ta samari ce masu ji da kansu. Turanci kalma ɗaya gare shi, mu ma ni ɗaya ce, don mu a kai da ke muke rabewa. Masu sob suka rubuta kalmomin Japanancin a gefe, masu dob suka sake barkwancin gaba ɗaya ya koma tana kiran kanta yarinya tana gyarawa. Kowanne ya yi iya yinsa, amma mai sob ne kaɗai ya ji abin da aka faɗa. Sunan Attack on Titan ma haka, Shingeki no Kyojin ne a asali, kuma sai a kashi na biyu na sizin na 3 a 2019 aka gane sunan ba hari a kan ƙattai yake nufi ba, sunan wani abu ne takamaimai a cikin labarin, ba zan faɗa ba don wanda bai kai wurin ba.

To in ka zaɓi sob ma ba ka gama ba, don shi ma kala-kala ne, kuma a nan ne mutane suke cutuwa ba su sani ba.

Akwai na kamfani, irin na Crunchyroll da Netflix. Ƙwararru ne suke yi, rubutun a tsaftace, yana zuwa daidai da magana, kuma a Crunchyroll sabon efisod kan fito da fassara jim kaɗan bayan an nuna shi a Japan, shi kuwa dob yawanci sai an jira makonni. Suna da ƙa'idoji, a Netflix layin Turanci ba ya wuce harafi 42 kuma layi biyu ne iyaka, saboda haka dole a taƙaita, abin da aka faɗa da kalma goma sha biyar ya dawo takwas. Yana da sauƙin karantawa amma sau da yawa su -san da -kun da senpai (wanda ya riga ka a makaranta ko wurin aiki) ne suke fara tafiya. Kuma ga tarko ɗaya a Netflix, wani lokaci za ka ga Turanci biyu a jerin rubutu, ɗaya an sa masa CC a gefe. Mai CC ɗin nan yawanci kwafin maganar dob ne aka rubuta don kurame, ba fassarar Japanancin ba ce, in ka haɗa shi da muryar asali sai ka ga rubutu ya fito babu mai magana ko ana magana babu rubutu. Ka ɗauki ɗayan.

Akwai fansob, wato wanda masoya suke yi kyauta don so. Su ne suka riƙe harkar shekara da shekaru kafin kamfanoni su farka, ita kanta Crunchyroll da aka kafa a 2006 da irin waɗannan bidiyoyin ta fara kafin ta koma ta lasisi a 2009, har Sony ta saye ta a 2021. Masu kyau a cikinsu suna yin abin da kamfani ba ya ɓata lokaci a kai, su fassara waƙar buɗewa, su fassara rubutun allo da na takarda da saƙon waya a daidai inda yake, su bar maka nii-san da senpai yadda suke, in an yi wasa da kalma su ɗan yi bayani a sama. Don irin Gintama da rabin dariyarsa wasa da harshe ne da shaguɓe ga wasu shirye-shiryen, bayanin nan yana ceto sosai. Laifinsu wuce gona da iri. Masu fassara One Piece na da sun ƙi fassara "nakama" wai babu kalmar da za ta ɗauke ta, alhali abokin tafiya ne, na hannun dama, ɗan tawaga. Akwai hoton Death Note da ya yi yawo a intanet inda aka bar kalmar keikaku a cikin jimla sannan aka rubuta a sama cewa keikaku tana nufin shiri, to me ya hana a rubuta shirin tun farko. Wasu kuma ashar suke zubawa inda babu ita, "kisama" da "temee" asalinsu "kai" ne cikin raini, kamar ka nuna mutum da yatsa ka ce kai ɗin nan, amma sai a rubuta zagin uwa don abin ya yi zafi. In da ƙannenka kake kallo ka kula da wannan, haka ma ka duba shekarun da aka sa wa shirin don ba kowane zane ne na yara ba.

Sai na uku wanda nake roƙon kowa ya guje masa, fassarar inji da ba wanda ya duba. Na taɓa karɓo sizin guda a wani shago, na ba da kuɗina na dawo gida, efisod na farko ana maganar yarinya rubutu yana cewa shi, can ya koma ita, can ya koma ni, sunan jarumin kansa sau uku yana canzawa a efisod ɗaya, har wani wuri aka fassara sunan mutum ya koma sunan itace. Dalilin shi ne Japananci yakan jefar da mai aikata abu a jimla, ba a cewa ni ko shi in an riga an san da wa ake, mutum yana ganewa daga abin da ya gabata shi kuwa inji sai ya yi canki-canka. Na kai efisod na uku ban san wa ya ci amanar wa ba na goge. Tun daga ranar kafin in bar shago sai na buɗe efisod ɗaya na tsallaka tsakiya na kalli minti biyu, in shi da ita suna rikicewa ko rubutu yana riga magana to a canza min.

Batun fayil a gurguje. In mp4 ne da aka manna rubutun a jikin hoto ba ka da yadda za ka yi da shi, yadda ya zo haka za ka sha. In mkv ne sau da yawa rubutun daban yake a ciki, a VLC ko MX Player za ka iya ƙara masa girma, ka matsar da shi gaba ko baya in bai dace da magana ba, wani ma yana ɗauke da murya biyu ka zaɓi wadda kake so da ɗan ƙarin nauyi kaɗan. In akwai irin wannan shi za ka nema, kuma kar ka sauka ƙasa da 480p in sob ne. Wanda kuma Allah ya hore masa ya biya na halal ya kalla, masu zanen nan wahala suke sha ba kaɗan ba.

Abin da na ce wa ƙanena shi ne, in da One Piece zai fara mai efisod sama da 1,100 ko Naruto mai 720 in an haɗa da Shippuden, kuma yana so ya riƙa kallo yana wanki ko guga, ba zan hana shi dob ba. In da fim ne za mu kalla da su Umma da yara a falo dob zan saka. Amma Brotherhood labarin wa da ƙane ne, kuma shi yana karanta Turanci ba laifi, don haka na ce ya koma ya ce a sa masa mai Japananci, ya duba minti biyu a gabansu kafin ya biya, ya daure efisod uku ko da idonsa yana gudu tsakanin sama da ƙasa, in bai saba ba ni zan biya kuɗin canjin.

Ya dawo da yamma ya shige ɗaki. Da na leƙa bayan isha'i yana kwance da iyafis a kunne, ya ɗago ya ce, "Yaya ashe nii-san ɗin nan yaya yake nufi." Na ce masa eh, ci gaba. Yanzu yana kan efisod na 4, inda wata 'yar ƙaramar yarinya mai suna Nina take kiran Edward onii-chan.